Jar Karsana

Tsohon ya sayar da shanunsa shida ranar Litinin, ranar Laraba ya tafi gonar kiwo sayen karsana biyu masu takardar asali. Shidan nan su ne ciwon huhu ya bar masa a garke. Babbar 'yarsa, malamar makaranta, ita ta kawo shawarar a koma kan irin shanun nama, ita kuma ta kai shi a mota.

"In mun shiga ki kama bakinki," in ji shi. "Ciniki ba darasi ba ne."

"To, Baba. Takardun kawai zan karɓo."

Ta nufi ofis, ya nufi shinge.

Karsana goma sha biyu ne a ciki, kowacce da lambar roba a kunne. Ba su da tozo, bayansu shimfiɗe kamar tebur. Manajan gonar ya buɗe masa ƙofa. Wasu masu saye biyu na jingine da ƙarfen shingen, ɗaya mai tumbi, yana kaɗa makullin mota.

Tsohon bai kula su ba. Ya kama wata baƙa, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa haƙarƙari, ya sa aka kora ta ya ga takunta.

"Nawa?"

Manaja ya faɗa. Ya ce rabi nauyin sikeli ne, rabi sunan ubanta, wanda ya ci gasa sau biyu.

"Uban za ka haɗa min da shi?"

Aka yi dariya. Tsohon ya taya, manaja ya ce albarka. Ya ƙara, aka sake cewa albarka. Sai da gumi ya jiƙa masa hula kafin aka sallama, ragin kuwa bai taka kara ya karya ba. Abin ya ɓata masa rai.

Daga nan idonsa ya faɗa kan wata ja a kusurwa. Ta fi kowacce ƙirji, ta fi kowacce kaurin wuya. Ya leƙa ƙarƙashinta ya ga hantsar ƙanƙanuwa, ya ce a ransa ƙila haka shanun waje suke. Don ya huce, ya taya ta da rabin kuɗin baƙar.

"Baba, ka ga takardarta?" in ji manaja.

"Tun ba a haife ka ba nake karanta saniya. Ka sallama ko ba ka sallama ba?"

Manaja ya ɗaga kafaɗa. "Na sallama."

Suka tafa hannu. Tsohon ya juya ya dubi mai tumbi, ya gyara zaman hularsa.

'Yar ta iso rungume da takardu. Ta duba lambar kunnen baƙar, ta gyaɗa kai. Ta duba ta jar, ta karanta, ta sake karantawa. Ta matso ta rage murya.

"Baba, jar nan tagwaye aka haife su. Ita da namiji."

Tsohon ba ya buƙatar fassara. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san maraƙar da ta kwana ciki ɗaya da namiji da wuya ta haihu. Kaurin wuyan nan da ya burge shi, ashe alamar ke nan. A kan shanun gida da tun daga nesa zai gane.

"Ai shi ya sa na sauko," in ji manaja. "Ta yanka ce. Na zaci mahauta zai kai wa."

"Baba an sayi bijimi mai ɗankwali!" in ji mai tumbi, abokinsa ya ƙyalƙyale.

"Bawan Allah, ka ji tsoron furfura," in ji 'yar.

Manajan ba mugu ba ne. Ya ce kuɗi bai shiga hannunsa ba tukuna, a warware, tsohon ya zaɓi wata, zai yi masa sauƙi. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma ya waiwayi masu sayen, ya ce, "Ba laifinsa ba ne. Bai iya karatu ba."

Kunnuwan tsohon suka yi zafi. Ya dubi jar tana tuƙa, ba ruwanta. Ya tuna turakun da ya kafa sababbi a bayan gida, har da ƙanana biyu na maruƙa.

"Baba, don Allah," 'yar ta riƙe masa hannun riga. "Garke muka zo tayarwa. Karsana ɗaya ba ta tayar da garke. Ka ce a canja, kalma ɗaya ce."

Ya zame hannunsa. Ya kwance jakar kuɗin da ke ƙugunsa, ya miƙa wa manaja.

"Ɗora su a mota, baƙar da jar."

"Baba..."

"Na ba da hannu. Ba zan canja ba."