Zaren Ɗaya ga Maris

Karo na shida ke nan Zdravko yana zuwa ganin 'yarsa Nevena a ofishinmu na Pleven, ni kuma ina gefe da biro, don aikina ke nan. Tun ranar da ya sha giya ya yi tatul ya ɓalle ƙofar gida a gabanta, kotu ta ce ba zai gan ta ba sai da mai sa ido. Zama biyar yarinyar ba ta ce masa uffan ba. Na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in yau ma ta maƙale a bayan kujerata, zan rubuta wa alƙali a dakatar da ziyarar.

Ɗaya ga Maris ce, ranar da kowa ke ɗaura wa nasa martenitsa, zaren nan ja da fari, ba a cirewa sai an ga shamuwa. Tun daga ƙofa na ga yana cusa hannu a aljihu.

"Fito da shi, Zdravko."

"Haba Madam Tsveta, zare ne fa."

Na ce ko tsinke ne, doka ta hana shi ba da kyauta, ta hana shi taɓa yarinya sai ita ta fara. Na jefa zaren a durowa. Raina bai so ba, amma na ga iyayen da suka saye yara da abin da bai kai wannan ba.

Nevena ta shigo, hannunta dam da zare: na uwa, na kaka, na malama. Ta laɓe a bayana kamar kullum. Uban ya ɗora hannuwa a kan tebur yadda na koya masa. Minti arba'in suka wuce a haka. Na cire murfin biro.

Sai na lura da inda idonta yake: wuyan hannunsa, fayau, ba zare ko ɗaya. A garin nan ko kare an ɗaura masa, kuma mutum ba ya saya wa kansa.

Ta ja rigata. "Anti Tsveta, ni ma an hana ni ba da kyauta?"

Na ce ita ba a hana ta ba.

Ta kwance ɗaya da haƙori, ta zagaya tebur. Zdravko ya dube ni, bai ɗaga hannuwansa daga tebur ba. Ta yi masa ƙulli uku, tam, har zaren ya shiga fata, ta dawo bayana da gudu.

Daga nan ta ce, "Kada ka cire sai mun ga shamuwa."

Shamuwa ba ta isowa kafin mako uku. Na rubuta ranar zama na bakwai.