Ƙishirwar Baba Labaran

"Ku kashe ta! Ku kashe wutar nan, ga ta nan ta iso ƙofa!"

Asibi na zaune tana tankaɗe garin dawa ihun ya tsallako danga ya same ta. Ta yar da rariya, ta ja zane ta ɗaure, ta bi ta ɓarakar dangar da ke tsakanin gidanta da na Baba Labaran. Hayaƙi ya cika tsakar gidan, amma ba na gobara ba ne. Malam Umaru ne ke ƙona sauran kara a gonarsa ta bayan gida, don bazara ta yi nisa, kowa na sharar gona, iska kuma ta juyo da hayaƙin ta tura shi ta tagar tsohon.

Ta same shi ya zame daga kan gado, yana jan jiki zuwa lungu, hannu ɗaya a kan fuska.

"Baba, ni ce, Asibi. Kara ake ƙonawa a gonar Malam Umaru."

"Kin ji warin? Haka yake. Na sha faɗa muku haka yake."

Ta rufe tagar, ta tallabe shi ta mayar kan gado. Bai fi nauyin damin kara ba. Ta leƙa ta kan katanga ta ƙwala wa Malam Umaru kira, shi kuwa da jin abin da ya faru ya kama ganye yana bugun wutar har ta mutu, sannan ya zo bakin ƙofa ya tsaya yana ba da haƙuri. Tare suka yi kiwon awaki da Labaran suna yara, kafin ɗaya ya bi masallaci ɗaya ya bi majami'a.

"Ya sha wani abu yau?" Malam Umaru ya tambaya a hankali.

Asibi ta girgiza kai. Yau kwana biyu ke nan.

A duk ƙauyukan da ke tsakanin Tudun Wada da bakin dajin Falgore, babu Kiristan da ya haura shekara arba'in da bai taɓa jin wa'azin Labaran mai bishara ba. A kan keke ya yi yawonsa, da wani ƙyalle nannaɗe a baya wanda aka zana mutane a cikin harshen wuta, bakunansu a buɗe. Asibi na da shekara goma sha ɗaya ranar da ya zo Unguwar Marke ya rataye ƙyallen a jikin rumbu. Ya kunna fitilar aci-balbal da rana tsaka, ya kira yara, ya ce wa zai iya ajiye yatsa a kai har a ƙirga goma. Ita ce ta fito don ta nuna jarumta. Ba ta kai uku ba ta fizge hannu tana kuka.

"Wannan yatsa ɗaya ne," ya ce da jama'a. "Can kuwa jiki ne gaba ɗaya, kuma ba a ƙirga goma. Ba a ƙirga komai. Mutum zai roƙi ɗigon ruwa ɗaya a kan harshensa, ba za a ba shi ba."

A makon nan ta tuba, ita da uwarta. Aka yi mata baftisma a rafi. Daga cikin waɗanda ya lissafa za su shiga wutar har da maƙaryata, kuma tun daga ranar Asibi ta riƙe harshenta. Matan zumunta na majami'a har tsokanarta suke yi, wai in kana son sanin ko miyarka ta yi gishiri kada ka tambayi Asibi sai in ka shirya jin gaskiya. Da aure ya ajiye ta gida da gida da Baba Labaran, ta ɗauki abin a matsayin kariya. In mafarkin wuta ya tashe ta, sai ta tuna mutumin da ya san hanya yana bayan danga.

Yanzu ga mutumin nan kwance, matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya Sagir yana aiki a kudu, an buga masa waya yana kan hanya. Zazzaɓi ne ya kama shi mako biyu da suka wuce, ya ƙi sakinsa. Raihana, ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa a kan babur daga ƙaramin asibitin gaba, ta saka masa ƙarin ruwa ya fizge allurar. Ta sake sakawa ya sake fizgewa.

"Mama, zazzaɓin zai iya sauka," ta ce da Asibi a waje. "Rashin shan ruwan ne zai kashe shi. Ki lallaɓa shi, ke yake ji."

Fasto ma ya zo da safe. Saurayi ne, bai daɗe da gama makarantar tauhidi ba. Ya durƙusa ya yi karatu, ya yi maganar alheri da gafara, ya ce jinin Yesu ya wanke komai. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, ni na koya wa ubanka waɗannan ayoyin." Ya juya fuskarsa bango.

Da Malam Umaru ya tafi, Asibi ta ɗebo ruwa a randa ta zauna a bakin gado da moɗa a hannu.

"Baba, ko kurɓi ɗaya."

"Ajiye."

"Leɓenka duk ya tsattsage."

"Na ce ki ajiye." Ya ja numfashi da ƙyar. "Asibi, ke ba ki ƙarya. Zan tambaye ki. Da a ce babu wutar nan, da kin bi?"

Ta dubi ƙofa kamar wani zai ji. Tambayar ta taɓa zuwar mata, ba sau ɗaya ba, kullum kuma sai ta kore ta da waƙa.

"Ban sani ba, Baba. Tsoro ne ya kawo ni, kai ma ka sani. Daga baya dai, ranar da aka binne maigidana, na yi addu'a kuma ban tuna da wuta ba. Amma da farko tsoro ne. Har yau ma bai tafi ba."

"Ni ma shi ya kawo ni," ya ce. "Na ɗauka in na raba wa mutane zai ragu."

Sai ya shiga ba ta labarin da ko matarsa ba ta ji ba. Mahaifiyarsa Bamagujiya ce, ta mutu a kan abin da ta tarar iyayenta na yi. Tana dafa giya, tana yanka kaza a gindin kuka. Shekara shida yana yi mata wa'azi tana dariya, tana cewa shi dai ya ci tuwo. Da ciwon ajali ya kwantar da ita aka aika masa, ya tuƙo keke daga Doguwa cikin rana, ya shiga ɗakin ya tarar ita kaɗai, sauran mata sun tafi rijiya.

"Ta ce, 'Ɗan nan, ba ni ruwa.' Na ɗebo a ƙoƙo. Na riƙe shi haka, tana gani. Na ce, 'Inna, ki karɓi Mai Ceto tukuna. Ki faɗa da bakinki, sai in ba ki.' Na ɗauka ƙishi zai sa ta faɗa. Na ce a raina, ƙishin minti biyar ya fi na har abada. Ta ce, 'Ruwa.' Na ce, 'Ki faɗa.' Sau uku. Ta dube ni, Asibi. Ba ta yi fushi ba, dubana kawai ta yi. Ina nan riƙe da ƙoƙon har matan suka dawo suka fara kuka."

Moɗar ta karkace a hannun Asibi, ruwan na zuba a kan zanenta.

"In abin da na yi ta faɗa gaskiya ne, tana can shekara arba'in da bakwai tana roƙon abin da na hana ta. Ni kuma da na hana, ina kike gani za a kai ni?"

"Baba, Fasto ya ce..."

"Na san abin da ya ce. Ni ma na faɗa wa wasu. Ba ya shiga."

Ta koma gida da yamma ba ta iya ƙarasa tuwon ba. Ta hura murhu, ta ga harshen wuta na lasar tukunya, sai ta janye itacen ta zuba masa ƙasa. Matan zumunta biyu suka karɓe ta suka kwana wurinsa. Su ma bai sha ba.

Washegari da hantsi ta same shi idanu sun zurma, harshe ya yi fari. Zafi ya sauko tun da wuri, kwanon rufin ɗakin na ƙara kamar ana taka shi. Ya daina gane mutane. Malam Umaru ya shigo ya gaishe shi, ya kira shi da sunan wani da ya mutu tun zamanin fari. Wajen azahar ya fara fizge-fizge, yana kakkaɓe ƙafafunsa da hannu.

"Ta kama ƙafata. Ku ja ni. Ku ja ni mana!"

Malam Umaru ya riƙe kafaɗunsa, yana ambaton Allah a ƙasan maƙoshi. Asibi ta jiƙa tsumma ta shafa masa a goshi, ta kai moɗar bakinsa. Ya datse haƙora ya kau da kai. Sai ya buɗe ido ya kafe ta da su, a karon farko tun safe ya gane ta.

"Asibi. A ba Inna tukuna."

"Baba..."

"Ba zan sha ba sai ta sha. An kai mata? Ke ba ki ƙarya. Faɗa mini, ta sha?"

Malam Umaru ya sunkuyar da kai. Asibi ta san jerin da ya karanta musu a gindin rumbu, ta san inda maƙaryata suke a cikinsa, tsakanin masu kisankai da matsafa. Shekara arba'in da huɗu tana taka-tsantsan. In ta faɗa, kuma ajali ya riske ta a kan hanyar gida kafin ta tuba fa? In ta yi shiru kuma, mutumin nan zai tafi da busasshen maƙogwaro yana ganin wuta a ƙafarsa.

"Ta sha, Baba," ta ce. Muryarta ta fito kamar ta wata. "An kai mata. Ta sha ta ƙoshi."

"Ta sha?"

"Ta sha. Ta ce kai ma ka sha."

Ya daɗe yana kallonta. Ba ta sani ba ko ya yarda ne, ko kuwa ya gane ya ƙyale. Haƙoransa dai suka saki. Ta tallabo kansa, ya kurɓa, ya ƙware, ya yi tari, ya sake kurɓa. Ya shanye rabin moɗar, ruwan na bin gemunsa yana jiƙa wuyan riga. Ƙafafunsa suka daina motsi. Ya lumshe ido, numfashinsa ya koma a hankali, ana jin sa yana shiga yana fita.

Raihana ta iso bayan la'asar da sabuwar ledar ƙarin ruwa. Ta kama hannunsa ta daɗe, ta ɗora abin awo a ƙirjinsa, sannan ta mayar da ledar cikin jaka. Babu wanda ya san daidai lokacin da ya cika. Asibi na zaune kusa da shi, ta ɗauka barci yake yi.

Sagir ya sauka washegari da safe, aka binne tsohon kafin rana ta yi zafi. Jama'a sun zo daga Kiru da Bebeji da ƙauyukan Doguwa, wasu a kan babur uku-uku. Fasto ya ce Baba ya yi aikinsa ya gama, dubban mutane sun tsere wa hallaka ta bakinsa. Aka ce amin. Sau biyu Asibi ta tashi za ta ja Fasto gefe, sau biyu ta koma ta zauna, don ba ta san abin da za ta ce ba. Ta san ta yi ƙarya. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ta lalubi nadama a zuciyarta ba ta samu ba.

A kan hanyar dawowa Malam Umaru ya rage tafiya har ta cim masa.

"Ni ban ji komai ba jiya," ya ce, bai dube ta ba.

"Wanda zai ji ya ji, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya ratse hanyar gonarsa.

Da yamma baƙi suka ragu. Sagir na ƙofar gida yana amsa gaisuwa, mata na wanke tukwane a tsakar gida. Asibi ta shiga ɗakin don ta share, ta naɗe tabarma, ta kakkaɓe gado. A ƙarƙashin gadon, can cikin lungu, ta ga wata kaza kwance a kan ƙwai cikin tsohuwar hularsa. Duk hayaniyar kwanakin nan ba ta tashe ta ba. Ta ɗago kai ta dubi Asibi da ido ɗaya, ta gyara fiffike. Asibi ta janye tsintsiyar, ta bar lungun ba shara, ta fita ta jawo ƙofar ta bar ta a ɗan buɗe.