Suruki a Filin Jarrabawar Babur

A shekarun farko na mulkin kai, ma'aikatar dabbobi ta Tawa ta samu babur guda ɗaya. Aka ce za a ba ɗaya daga cikin masu yi wa shanu allura, ya riƙa zagaya rijiyoyin Takanamat da Tebaram, a kuma tabbatar da shi a aiki, amma sai ya ci jarrabawar parmi, wato lasin tuƙi. Mutum biyu ke nema, Isufu da Salisu, dukansu 'yan wucin gadi. Isufu ya riga shiga aiki, don haka in duk sun ci, babur nasa ne. Wanda ya rasa, aikinsa ya ƙare da kaka.

Mai koya musu shi ne Alƙasum, tsohon sojan Faransa da ya dawo gida da ɗingishi da yawan faɗa. Ya hana su hawa da babbar riga, don ya taɓa ganin ƙafar baya ta naɗe rigar wani har ta shaƙe shi. Ya ce a cikin rairayi birkin baya ake takawa, kuma inda ido ya je nan babur ke zuwa. Isufu ya ɗauki karatu da wuri. Salisu kuwa ya ci ƙasa har ya ƙoshi.

Isufu na auren Zalika, 'yar Malam Illa na Kalfu. Tun da aka ɗaura auren bai taɓa cin abinci a gaban tsohon ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ko kan jaki yake bai taɓa wuce shi a zaune ba. Ba wanda ya ce masa ya yi hakan. Haka ya tarar ana yi.

Mai jarrabawa daga Yamai yake zuwa, shekara-shekara. Ya sa aka jera tsoffin tayoyi a filin bayan ma'aikata, ya faɗi doka a taƙaice: a ratsa tsakaninsu, a zagaya ta ƙarshe a dawo, kuma duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya faɗi. Salisu ya fara. Ya yi ta tangal-tangal, gumi har cikin ido, amma ya dawo ƙafafunsa na sama.

Isufu ya hau, ya ratsa tayoyin lafiya lau, har Alƙasum ya manta da faɗa. Sai dai taya ta ƙarshe na gindin wata aduwa, kuma a inuwar aduwar wani tsoho na tsaye da sanda da ƙunshi a hammata. Malam Illa ne. Ya ji labari a bakin 'yarsa, ya yi sammako daga Kalfu, ba kuma wanda ya nuna masa inda 'yan kallo ke tsayawa. Ya ga inuwa ya tsaya.

Alƙasum ya gane tsohon, ya ɗaga murya ya ce, "Wuce, Isuhu, ka gaisa daga baya."

Ko Isufu ya ji, ko bai ji ba, Allah masani. Ya taka birkin baya daidai yadda aka koya masa, ya sauka, ya kafe babur, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a rairayi ya kawo gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi gona.

Mai jarrabawa ba baƙon wannan al'ada ba ne, shi ma yana da surukai. Ya saurari roƙon Alƙasum har ƙarshe, sannan ya ce Salisu ya bi doka a gaban kowa, ba zai sauya ta don mutum ɗaya ba, Isufu ya dawo baɗi. Kowa a wurin ya san baɗi babu babur, babu aiki. Alƙasum ya ji haushi ƙwarai, ya nufi aduwar zai zazzage wa tsohon, amma da ya isa sai shi ma ya rusuna ya yi sannu da zuwa.

Malam Illa bai san abin da ake ciki ba. Ya yaba hawan, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Sannan ya kwance ƙunshinsa, sai ga buzu fari, ya sha jima.

Ya ce, "An ce sirdin abin ga na da tauri, Tebaram ko da nisa. Hwatar ragon layyata ce. Ka shimhiɗa bisa."

Isufu ya karɓa da hannu biyu, kansa a ƙasa, ya yi godiya. Baƙin ciki ya cika shi, amma ba a nuna wa suruki wannan.

Tsohon ya dubi filin ya ce, "To, an ƙare, ko da saura?"

Isufu ya ce, "An ƙare, Baba."

A bayansu Salisu na ta harbin babur yana neman ya tashi.