Koriyar Halittar Nermin

Nermin ta danna maɓalli, hoto na gaba ya hau allo. Wannan ba ya cikin bincikenta. Wata koriyar ƙwayar halitta ce mai bindi biyu, wadda ita da kanta ta ƙirƙira don nishaɗi. Ta zana ta tana iyo tana cin hasken rana kamar ganye, har ta tsara yadda jikokinta za su sauya kama nan da shekaru miliyan. Ƙaninta Hazim, da ta ba aikin jera hotunan, ya ga ta fi sauran kyau, shi ne ya cusa ta ciki.

Zauren kare digirin cike yake maƙil da dangi. Mahaifiyarta na layin gaba rungume da tiren cakulan, jira kawai take ta rangaɗa guɗa.

"Dakata, 'yata," in ji Farfesa Shauki, babban mai jarrabawa, wanda in bai sa hannu ba babu digiri. Ya gyara tabarau. "Ai na san wannan! Na sha kamo ta a tafkin Maryut tun ba a haife ki ba."

Nermin ta dubi malamarta, Dakta Samiha. Ita kuwa ta kafa wa tebur ido tana girgiza kai a hankali. Ba a gyara wa Farfesa Shauki magana a gaban jama'a. Wanda ya gwada bara, har yau yana sintiri a sashen hannu rabbana.

"Kin yi shiru. Ita ce ko ba ita ba ce?"

Shekara da shekaru Nermin tana tsoma hannu a ruwan ɗoyi don bincikenta, ba ta taɓa ƙara komai a kan abin da idonta ya gani ba. Tsoro ne ya ci ƙarfinta.

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"To, kun ji! Yaran yanzu, komai sai su ɗauka a kansu aka fara."

Aka yi dariya. Mahaifiyarta ta kasa haƙuri, ta saki guɗar.

Farfesa ya jira zauren ya lafa, sannan ya mayar wa alƙalaminsa murfi.

"Wallahi na yi kewarta," ya ce. "Ki kawo min ita da ranta a kwalba, in sake ganin iyonta. Sai in sa miki hannu."