Bijimin da Baba Dattijo Ya Zana a Ƙasa

"Wannan kuma wace dabba ce?" in ji Baba Dattijo, ya kara littafin da hancinsa, don ido ya yi rauni.

"Saniya ce, Baba," Sabo ya amsa a sanyaye.

"Saniya? Ina tozonta? Wa ya sace mata ƙaho?"

Dariya ta taso wa tsohon, tari ya tare ta a hanya. Sai da matarsa Hansai ta tallafe shi ta ba shi ruwa.

Sabo mai fentin motoci ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na tsohon. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka shigo, duk wanda ya tara abin hannu a Wudil sai ya sayi babbar mota ya kawo a yi mata ado. Wajen rubutu da furanni Sabo ba shi da na biyu. Ranar da Alhaji Ɗantani, falken shanu, ya ce bijimi yake so a bayan sabuwar motarsa, ranar ido ya raina fata. Sabo ya hau mota har Kano, ya sayo littafin Turawa na koyon zane, ya kwafi saniyar ciki bai rage komai ba. Da motar ta shiga kara, wato kasuwar shanu, ran Juma'a, dillalai suka yi dariya har da riƙe ciki. Alhaji ya rantse in wata Juma'ar ta zo ba a gyara ba, Kano zai kai motar, kuma sai ya tabbatar ko keke ba a sake kawo wa Sabo ba. Ga shi yau Alhamis.

Shi Baba Dattijo shekara arba'in ya yi yana dillanci a karar nan. An ce da can in saniya ta ɓata, tsugunawa yake ya zana ta a ƙasa, masu cigiya su duba su je su kamo ta, shi kuma ya goge da ƙafa. Sabo ji yake yi kawai. Da kunya ya shigo yau, don ya san kwana uku ke nan tsohon ko kunu ba ya sha.

"Hansai, ku fitar da ni tsakar gida."

"Malam, a wannan halin?"

"A wane halin kike so, in an naɗe ni?"

Suka ciccibe shi da tabarmarsa zuwa inuwar darbejiya. Bai fi damin kara nauyi ba. Ya sa Hansai ta yayyafa ruwa a ƙasa, ya kwanta a gefen dama, ya miƙo yatsa.

"Littafinka ya ce a fara da akwati a maƙala masa ƙwallo. Ni dai ban taɓa sayar da sa mai akwati ba. Daga tozo ake kama shi, ɗana. Nan girman kansa yake."

Hannun da ke karkarwa wajen riƙe moɗa, yana taɓa ƙasa ya tsaya cik. Layin ya hau tozo, ya gangara gadon baya, ya zagayo cinya, ya bi ciki, ya reto da fatar wuya, ya tashi sama ya buɗe ƙaho biyu. Ko sau ɗaya bai ɗaga yatsan ba.

Sabo ya sunkuya ya duba. Bijimi ne tsaye a tsakar gida, ya ɗan karkato kai kamar an kira shi. Sabo ya ji tsoro, tsoro na gaske, har ya janye ƙafarsa.

"La'ilaha illallahu!" Hansai ta dafe ƙirji. "Malam, ai Goje ne! Wanda muka sayar shekarar fara."

"Shi ne." Ya lumshe ido. "Kalla da kyau, Sabo. In an zo ɗaukata a share. Ban taɓa barin mai rai ya kwana a ƙasa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Kin ji, Hansai?"

"Na ji, Malam."

Sabo ya zaro fensir ya duƙufa a kan takarda. Na farko ya fito kamar akuya, na biyu ya fi shi muni. Yana kan na huɗu ya ji salatin Hansai ya sauya murya. Ya ɗago. Yatsan tsohon na nan da jar ƙasa a jikinsa, amma mai shi ya tafi.

Kafin azahar an yi wanka an haɗa shi. Maza suka cika ƙofar gida, mata na raɓawa ta bakin katanga, kowacce ta ga bijimin sai ta tattare zani ta kewaye. Hansai ta fito da tsintsiya, idonta jawur.

"Sabo, wasiyya ce."

"Inna, ki ba ni ko zuwa la'asar. Wallahi ban kama shi ba."

"Ba ni da wannan ikon, ɗan nan."

Ya dubi takardunsa, ya watsar. Ya durƙusa ya sa yatsa a cikin layin, daidai kan tozo, ya bi shi a hankali har ƙaho. Ƙasar na da sauran danshi. Ya sake bi, layin ya yi faɗi. A na uku ƙahon ya rushe, a na biyar babu wanda zai ce Goje ne. Hawaye na ɗiga masa a bayan hannu, bai tsaya ba sai da ya ji an ce a ɗauka. Ya miƙe, tsintsiya ta sauka.

Ya bi makara a sahun baya. Jama'a na ta salati. Sai a bakin kwalta, da aka tsaya wata babbar mota ta wuce, ya lura da hannunsa na dama. Yatsan na ta tafiya shi kaɗai a kan cinyarsa, ya hau, ya gangara, ya zagayo, yana barin jar ƙasa a farar rigarsa.