Gyaran da Ba Ya Kwana

Ranar Laraba da safe, ko jaka ba ta sauke ba ta buɗe shafi na tara a kwamfuta. Kuskuren yana nan daram, kamar ba ta taɓa shi ba.

Sabuwa ake kiranta a ofishin, ko da yake ranar Juma'a za ta cika wata ukun gwaji da aka ba ta. Aikinta gyara littafin bayani na wata manhaja da ake kira rejeks. Mutum zai jera 'yan alamomi, manhajar ta bi rubutu layi-layi ta tsinto masa duk abin da ya dace da su. A shafi na tara akwai misalin yadda ake share abin da ke cikin baka biyu. Littafin ya ce sharar za ta tsaya a bakan farko da ya rufe. Ba ta tsayawa. Alamar tauraron da ke cikin misalin haɗama gare ta, sai ta lamushe komai har bakan ƙarshe na layin, in ba a sa mata alamar tambaya a baya ta ja mata linzami ba. Wata mata mai kula da rajistar ɗalibai ta rubuto cewa ta kwafi misalin, ya cinye mata rabin sunayen 'yan aji.

Litinin Sabuwa ta gyara, Talata ya dawo. Ta sake gyarawa, har da ɗaukar hotonsa a waya don kada ta fara zargin kanta. Ga shi yau kuma.

Madam, shugabar sashen, ta tsaya a kanta da kofin shayi.

"Sabuwa, ke da shafi na tara soyayya kuke yi ne?"

"Na gyara, Madam."

"A mafarki?"

Hoton yana cikin waya, wayar tana ƙarƙashin tafin hannunta, amma ba ta nuna mata ba. Madam ta ce jibi za ta rubuta rahoton gwajinta, kuma abin da ta gani da idonta za ta rubuta.

Dogo, mai teburin da ke jikin nata, ya jira Madam ta shige, sannan ya gangaro da kujerarsa.

"Ƙanwata, tabon yana fuska, ke kina ta goge madubi. Kullum da asuba inji ne yake sake buga shafin nan. Daga bayanan da ke cikin kod ɗin, wato tushen rubutun manhajar, yake kwasowa. Duk abin da kika rubuta a sama, shafe shi yake yi."

"To a can zan gyara."

"Fayil ɗin Kawu ne. Shi kaɗai ke da izini."

Ta ɗaga kai. Kawu yana can lungun da ke bayan firinta, ya ba kowa ƙeya, furfurarsa ta leƙo ta ƙarƙashin abin sauraren da ya toshe kunnuwa da shi. Shi ya rubuta manhajar tun kamfanin yana ɗaki ɗaya. Madam ta kafa doka: ba mai yi masa magana sai an fitar da sabon zubin manhajar mako mai zuwa. Mai buƙata ya rubuta a layin buƙatu. Sabuwa ta rubuta. Lamba ta hamsin da takwas aka ba ta.

"Na bara ma suna nan suna jira," in ji Dogo. "In kin ga an zo kanki, ki gaishe min da jikokinki."

Alhamis ta fito tun Umma ba ta gama ɗumama ruwa ba.

"Ke kuma aikin gadi aka ƙara miki?" in ji Umma.

Ƙarfe bakwai ta isa, ofis ba kowa sai ƙugin firij. Minti ɗaya ya ishe ta ta sa alamar tambayar a shafin. Da Madam ta zo ta duba, ta gyaɗa kai ta wuce.

Wunin ranar ta yi shi tana kallon bangon katakon da ya raba teburinta da na Dogo. Dabarar ta yi. Gobe ma za ta yi, rahoto ya fito da kyau. Daga nan kuma fa? Kullum motar farko, kullum alama ɗaya, har ranar da zazzaɓi zai kwantar da ita. Asabar da Lahadi ba ta zuwa, kuskuren zai baje kolinsa kwana biyu, wani ya kwafa. Ta sake karanta wasiƙar matar nan. A ƙarshenta an rubuta: "Wataƙila ni ce ban iya ba."

Juma'a ma bakwai ta zo, amma ba ta taɓa shafin ba. Da Kawu ya zauna, ta ɗauki kwamfutarta. Tsakaninsu bai fi taku goma sha biyu ba. Ta tsaya a bayansa, sannan ta ajiye kwamfutar a gefen kofinsa.

Ya zame abin sauraren daga kunne ɗaya. "Gobara ce?"

Sai ta kwafi misalinsa a gabansa, ta danna. Layin ya ɓace tun daga bakan farko har na ƙarshe.

Kawu ya jawo tabarau. Ya danna da kansa, sau biyu.

"Shekara shida," ya ce a hankali. "Daga ka na rubuta shi, 'yata. Ban taɓa gwadawa ba."

"Sabuwa!" Madam ce daga ƙofarta. "Me na ce game da Kawu? Kuma shafi na tara..."

"Ni ne shafi na tara," in ji Kawu, bai ko juyo ba. "Kwana nawa kina gyarawa ina ɓatawa?"

"Huɗu," ta ce da ƙyar.

Ya yi 'yan danne-danne, ya turo mata kwamfutarta. "Na ba ki izini. Ki gyara a tushe." Ya ɗaga abin kunnensa, sai kuma ya dakata. "Misali ɗari biyu da arba'in ne a ciki. Duk daga ka na rubuta su."

Madam ta dube shi, ta dube ta. "To, kin samu aiki. Ki gama su kafin sabon zubi."

Dogo ya tafa mata a ƙarƙashin tebur. Ta koma kujerarta, ta sa alamar a inda za ta kwana. Sannan ta koma shafin farko, ta kwafi misali na ɗaya, ta danna.

Shi ma bai yi ba.