Jirgin Baba a Tsakar Gida

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, bakinsa ya rufe, aka dawo da shi gidanmu. Mutumin da ya yi rayuwarsa kaf a kan ruwa yana su, sai ga shi a kujera mai taya ƙarƙashin rumfa, yana kallon bango. In na kai cokali bakinsa ya kau da kai. Yayana da ke birni ya ce ƙarshen wata zai zo ya ɗauke shi, can ga likitoci kusa. Ban musa ba, amma na san gidan Yaya: bene ne, ruwan da ke cikinsa duk na famfo ne. Abu ɗaya na sa a raina, kafin a tafi da Baba sai ya sake hawa ruwa, ko da sau ɗaya.

Maigidana kafinta ne, na gado da kabad da ƙofa. Shi ya je bakin kogi ya samo kwale-kwalen Baba a kife cikin ciyawa, ya ɗoro shi a kura har tsakar gida. Cikinsa ya ruɓe a wuri biyu, ƙadangaru sun mai da shi gidan haya. Maigida ya zagaya shi yana shafawa, ya ce ai wannan kabad ne kawai aka kwantar.

Daga nan gidanmu ya koma warin kwalta da ƙamshin sabon katako. Da rana in na zauna tsintar shinkafa, sai in ga inuwar shanya tana rawa a jikin jirgin kamar ruwa na lasar sa. Har gyangyaɗi yake ɗauka ta, in gan ni ƙarama kwance a cikinsa, sama na tafiya a hankali, Baba a baya yana tuƙi, filafili na ɗiga mini ruwa a ƙafa. Sai ƙarar zarto ta dawo da ni, kaji sun yi rabin shinkafar.

Maigida ya cire ruɓaɓɓun katakan ya sa sababbi. Ya kuma ƙara abin da jirgin bai taɓa gani ba: kujera mai majingina a tsakiya, da hannu a gefen hagu inda jikin Baba ya mutu, don kada ya zame. Maigida kuwa abin alfaharinsa a sana'a shi ne haɗin da ko allura ba ta shiga. Haka ya matse katakan nan, baki da baki, yana kira na in zo in nemi tsaga in zan samu.

Ranar da yake wannan haɗin ne Baba ya fara buga hannun kujerarsa da hannun dama. Bugu yake yi ba ƙaƙƙautawa, idonsa a kan jirgin. Na yi murna har da hawaye, na ce wa maigida ga shi Baba na yi masa tafi. Shi ma ya rusuna ya ce ya gode, Allah ya bar mana Baba, ya ƙara danna ƙusa.

Saura kwana kaɗan Yaya ya iso, muka ja tiyo muka cika jirgin da ruwa don a ga ko yana yoyo. Ko ɗigo bai fita ba. Da la'asar ruwan ya kwanta, sai ga sama gaba ɗaya a cikinsa, da gajimare, da reshen mangwaron maƙwabta. Na tura kujerar Baba kusa. Ya leƙa ya daɗe, ni ma na leƙa, na ga fuskarsa a ruwan ta miƙe, babu karkacewar nan. Ban taɓa son mahaifina kamar a wannan lokacin ba, kuma tsoron rabuwa da shi ya cika mini ciki.

Muka bar ruwan ya kwana biyu. Da hantsin ranar da Yaya zai zo, ranar da muka shirya kai Baba kogi kafin azahar, ina wanke-wanke na ji ƙara kamar an karya rake. Sabon katako ya sha ruwa ya kumbura, bai sami wurin miƙewa ba, ya bankaro ya tsinke ƙusoshinsa. Ruwa ya kwararo tsakar gida, ya tafi da takalma da murfin tukunya. Maigida ya tsaya riƙe da ƙugu. A hankali ya ce kabad ba ya shiga ruwa, shi ya sa bai taɓa bar wa katako wurin numfashi ba. Ashe abin da Baba yake ta bugawa ke nan.

A haka Yaya ya same mu, yana ɗage ƙafar wando. Ya gaida Baba, ya dubi ɓarnar, ya ce mun yi ƙoƙari, a sa kayan Baba a mota tun rana ba ta yi ba. Na shiga ɗaki na ɗauko jakar, ina ji kamar dutse na ɗauka.

Da na fito, Baba ya miƙa hannun dama ya kama katakon da ya bankaro a jikin jirgin. Yaya ya tura kujera, ba ta motsa ba, don Baba ya ƙi saki. Ya dubi maigida, ya sa babban yatsa a bakin katakon, ya nuna masa kaurin farcensa, iyakar abin da za a kankare ke nan. Leɓensa ya yi ta motsi.

"Ba a gama ba," in ji Baba.

Yaya ya dubi jakar da ke hannuna, ya dubi hannun nan da ya ƙanƙame katako har jijiyoyi sun fito. Ya saki kujerar.

"Mayar da ita ɗaki," ya ce da ni.